Sarkin Raki Ya Sami Aiki

Duk layinmu babu wanda bai san Babanmu da raki ba. In ƙaya ta soke shi, sai maƙwabta sun shigo dubiya. Mura kuwa ba a magana: zai miƙe a doguwar kujerar falo, ya lulluɓa har ka, ya kira mu ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, yana faɗin wanda zai gaji rediyonsa. Washegari sai ka same shi a ƙofar gida yana musun ƙwallo, muryarsa ta fi ta kowa. Abokansa ne suka laƙaba masa Sarkin Raki, kuma wallahi ba su zalunce shi ba. Ni ce 'yarsa ta fari, ni na fi kowa jiƙa tsumma ina ɗora masa a goshi, saboda haka ina da bakin magana.

Sana'arsa gyaran agogo. Ɗan shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin titi, akwatin gilashi ɗaya, kujera ɗaya, da ɗan madubin da yake maƙalawa a ido. In aka kawo agogo ba ya gaggawar buɗewa. Sai ya kara shi a kunne, ya lumshe ido, sannan ya faɗi abin da ke damunsa. Da wayar hannu ta shigo, kowa ya koma duba lokaci a aljihu, ciniki ya yi ta ja da baya har ya tsaya cak. Baba ya kwaso akwatinsa ya tura ƙarƙashin gado. Kunnen nan da ya saba sauraron cikin agogo ya rasa aikin yi, sai ya juya shi kan jikinsa, kuma kullum sai ya jiyo wani abu.

A farkon aurensu, an ce Mama har gudu take yi zuwa kantin magani. Lokacin da na yi wayo ta koma cewa "Allah ya sawwaƙe" ba tare da ta ɗaga kai daga keken ɗinkinta ba. Daga baya ko wannan ta daina, sai dai ta ƙara taka keken da ƙarfi. Mu yara kuwa, da ya ce "Kun san tun jiya nake jin..." sai kowa ya tuna da aiken da bai je ba. Abin da Baba yake so a duniya bai wuce guda ba: wani ya zauna ya saurare shi har ya kai ƙarshe. A gidanmu babu wanda ya rage da wannan haƙurin, shi ya sa bai taɓa kaiwa ƙarshen ba.

Maƙwabciyarmu, wadda muke kira Anti Nas, ita ta zo da maganar. Tana aiki a asibitin da ake koyar da likitoci. Ta ce akwai wata babbar likita a can da ta gaji da ɗalibai masu haddace littafi daga bango zuwa bango, amma in aka tsayar da su gaban mutum mai numfashi sai su daskare. Sun saba da mutum-mutumin roba, wanda ba ya jin kunya, ba ya mantuwa, ba ya kuka. To ita likitar ta buɗe wani ɗaki, tana neman dattawa da za su riƙa yin kamar ba su da lafiya, ɗalibai su koyi tambaya a kansu kafin a sake su kan marasa lafiya na gaske.

"Na ce mata ina da mutum," in ji Anti Nas. "Ta katanga nake jiyo shi. Ni kaina ba sau ɗaya ba na ɗauko jakata na fito a guje."

Baba ya yaye mayafi ya tashi zaune. "Wato ni duk shekarun nan ƙarya nake yi ke nan?"

"Haba Baba, wa ya isa? Baiwa ce Allah ya ba ka, ana ta asararta a falo."

Mama ta tsinke zare da haƙori ta ce, "Ku tafi da shi, ko kyauta ne."

Ni na raka shi ranar farko. Ɗakin ba shi da girma: gado mai shimfiɗar leda, koren labule, wurin wanke hannu, kujeru biyu, agogon bango da Baba ya kalla ya ce yana ɗan latti. A lungu ga mutum-mutumin robar nan kwance a gadon turawa, baki buɗe. Baba ya ɗaga masa hannu ya ce, "Sannu da hutawa, abokin aiki." Likitar, wadda kowa ke kira Malama, gajeriya ce, muryarta ƙasa-ƙasa, jan biro a hannu. Ta ce yau shi direba ne mai ciwon ciki, ta faɗa masa inda ke ciwo, yaushe ya fara, me ke tayar da shi. Sannan ta ɗaga biron.

"Doka ɗaya ce, Baba. Abin da aka tambaye ka, shi za ka faɗa. Abin da ba a tambaya ba, ka riƙe abinka. Maras lafiya na gaske yana jin kunya, yana jin tsoro, yana ganin likita na sauri sai ya haɗiye maganarsa. Ina so yaran nan su koyi tono."

Baba ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Ni dai na kau da kai don kada in yi dariya.

Ɗalibin farko wani dogo ne, farar rigarsa ta sha guga. Ya zauna, ya gyara murya, ya ce, "Baba, me ke damunka?" Na ga Babanmu ya lumshe ido kamar wanda aka miƙa wa ruwan sanyi da tsakar rana. Rabon da a yi masa wannan tambayar, shi kansa ba zai tuna ba. Ya fara daga tsakiyar ka. Ya sauko goshi, ya ratsa ta kunnen hagu, ya yada zango a wuya. Har aka kaɗa ƙararrawar tashi yana kafaɗa, bai ko hango cikin ba. Dogon ya cika shafi guda da rubutu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Malama ta yi dariya har ta ajiye biro, sannan ta share ido ta ce, "Baba, cikin kawai. Sauran ka bar mana sai wani zangon karatu."

Abin mamaki, ya koya. Kafin wani lokaci ya zama gwani. Ya san nishin mai tsakuwar ƙoda daban da na mai ciwon ƙirji, ya san yadda mai jiri ke dafa bango. Wani lokaci akwai wata mai kwalliya da ke shafa masa hoda don ya yi fari kamar wanda jini ya yi wa ƙaranci, ya dawo gida da ita a fuska don a gani. Da kansa yake goge rigarsa. In ya shigo sai ya ce, "Yau hanta ce ta kama ni," Mama ta ce, "Madalla, Allah ya ƙara basira." Ban taɓa ganin mutumin da cuta ta karɓa haka ba, har ƙiba ya yi.

Matsalarsa ɗaya, tausayi. Baba ba zai iya ganin ɗan mutum ya maƙale ya ƙyale shi ba. In ɗalibi ya yi tsuru-tsuru yana juya biro, sai ka ji maras lafiya ya yi gyaran murya ya ce, "Ni dai, ɗana, ba ka tambaye ni ko ina shan taba ba, amma ba komai." Ko ya riƙa turo baki yana nuna kwalin maganin da aka sa masa a aljihu. Ko ya yi raɗa, alhali raɗar Babanmu har ɗakin da ke gaba ake jinta. Ɗalibai suka riƙa addu'ar a haɗa su da shi. Faɗansa da su bai wuce in sun kama hannunsa za su ƙirga bugun jini sun zaro waya ba. Nan take mai ciwon ƙirji zai warke ya ce, "Ga agogo can a bango, me ya yi maka?"

Malama ta yi masa magana da wasa, ta sake yi ba wasa. Rannan ta sallami ɗalibai, ta rufe ƙofa, ta ja kujera gabansa. Shi ya ba mu labarin, kuma wannan karon bai ƙara gishiri ba.

"Baba, taimakon da kake yi musu, wani ne zai biya da ransa. Ranar da yaron nan zai tsaya gaban maras lafiya na gaske, babu mai yi masa raɗa. Ina son aikinka, amma jarrabawa na tafe. In ka sake buɗe baki ba a tambaye ka ba, kujerar nan wani zai zauna."

Ya dawo gida jiki a sanyaye. Ya tsaya yana kallon doguwar kujerar falo, na kuwa san abin da yake gani: komawa kwanciya, da mayafi, da ƙarar keken Mama. Nan duniya ɗakin nan mai koren labule ne kaɗai inda ake jan kujera a tambaye shi, ga shi bakinsa na neman raba shi da wurin.

Cikin ɗaliban akwai wata 'yar siririya da yake kira Tabarau, don kullum gilashinta na zamewa kan hanci tana turawa. Anti Nas ta ce a rubutu babu mai kama ƙafarta. Baba yana ji da ita saboda tana gaishe shi har da rusunawa, in ta gama duba cikinsa kuma sai ta ja masa riga ta rufe. Amma takarda take yi wa magana. Daga shigarta har fitarta idonta na kan layin rubutu, in da za a musanya Baba da abokin aikinsa na roba, ba lalle ta lura ba.

Ranar jarrabawa aka sa masa kwalin magani a aljihun gaba, rabinsa a waje, duk wanda ya ɗaga kai zai gani. Amsar duka tana cikin kwalin. Tabarau ta shigo, ta jero tambayoyi tiryan-tiryan, kai a sunkuye. Baba ya ce maganar ta taso masa tun daga ciki, ta zo maƙogwaro, ta tokare haƙora. Ya ciji leɓe. Ya danne hannunsa da cinya don kada ya nuna. Ya kafa wa mutum-mutumi ido yana roƙon Allah yarinyar nan ta ɗago sau ɗaya. Ba ta ɗago ba, aka kaɗa ƙararrawa. Ta faɗi wannan ɓangaren, aka ce sai ta maimaita, Baba kuma ya wuce ta a baranda tana kuka ta cire gilashin.

Ranar ko shayi bai sha ba. "Ina gani yarinya na nutsewa," ya ce, "igiya na hannuna, na zauna a kanta." Anti Nas ta leƙo ta ce Malama na ta yabonsa, ta ce yau ya yi aikin da aka ɗauke shi dominsa. Baba ya gyaɗa kai kawai. Darasin ya shige shi har ƙashi, kuma Babanmu ba ya yin abu rabi. Dokar da aka ba shi don ɗaki ɗaya, sai ya naɗo ta ya taho da ita gida: sai an tambaya.

Gidanmu ya yi tsit. Mu kuwa muka sha iska, ƙanina har cewa ya yi a kai wa Malama tukwici. Mama ta ce aiki ya warkar da shi. Wani lokaci za ka gan shi tsaye a ƙofar kicin, hannu a kan ciki, yana kallonta kamar mai jiran a kira layinsa. Ita kuma ta ɗauko tukunya ta ce, "Malam, matsa in wuce." Sai ya matsa. Ya fara barin abinci a kwano. In zai je bakin titi hawa mota, sai ya huta a dakalin mai shago. Muka ce girma ne. Ashe gwiwarsa ce ta matsa masa da gaske, don kada ya rasa zuwa aiki yake sayen maganin kashe zafi yana afawa safe da yamma, ciki babu komai, maganin kuma yana can yana cin cikin. Mutumin da ke tara unguwa saboda ƙaya, ga shi da ciwon gaske yana yawo da shi a rufe, yana jiran tambaya.

Ranar maimaita jarrabawa aka ba shi ciwon kai. Ɗalibai suka riƙa shiga suna fita. Kowa ya ga ya yi fari fat, kowa ya ji numfashinsa na sama-sama, kowa ya yaba a ransa. Wani da ya fito har cewa ya yi, "Kai, yau an zuba wa Baba hoda ba tausayi." Malama daga lungunta ta ɗauka mai kwalliya ce ta zarce. Mai kwalliya kuwa ranar ko zuwa ba ta yi ba. Duk wanda ke ɗakin ya saba ganin Baba na mutuwa yana tashi, babu wanda ya kawo komai a ransa.

Sai ga Tabarau. Ta gaishe shi, ta kife takardarta a kan tebur, ta ja kujera har gwiwarta na kusan taɓa tasa, ta dube shi a ido. Baba ya ce saura kaɗan ya yi mata tafi. Ta yi tambayoyin ciwon kai, ya ba ta amsa yadda aka tsara. Ta kama wuyan hannunsa, ta ɗaga kai ta kalli agogon bango, abin da ya ƙara mata daraja a wurinsa. Sai ya ga ta haɗe gira. Ta nemi izini ta ja fatar idonsa ta ƙasa, ta leƙa. Ta goga babban yatsanta a kumatunsa, ta duba yatsan. Babu hoda.

"Baba," ta ce, "ciwon kan nan na mutumin da aka ce ka zama ne, na ji shi. Kai fa? Kai kanka, me ke damunka?"

Baba ya shiga lissafi. In ya amsa, kada a ce ya fita daga tsari ya jawo wa yarinya faɗuwa ta biyu, shi kuma ya rasa kujera. In ya yi shiru, ga tambayar da ya daɗe yana jira ta zo har gabansa. Ya waiwaya lungu.

"Ranki ya daɗe, a yi mini shaida. Ita ta tambaya da bakinta, ko? Ban yi tari ba, ban nuna komai ba."

Malama ta riga ta miƙe, biron ya faɗi ƙasa. "Ta tambaya, Baba. Faɗa mata."

Sarkin Raki guda, wanda ke kwashe rabin yini kan ciwon kunne, ya faɗi nasa cikin 'yan kalmomi. Cikinsa na ci da wuta an kwana biyu. In ya miƙe duniya na juyawa. Ya sunkuyar da kai ya ƙara da cewa bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta.

"Sai kuma me?" in ji Tabarau.

Ya zaro ainihin kwalin maganinsa daga aljihun wando ya miƙa mata. Aka kaɗa ƙararrawa, babu wanda ya kula. Gadon turawa ɗaya ne a kusa, saboda haka aka sauke mutum-mutumi aka zaunar da shi a kujerar Baba, aka ɗora Baba a wurinsa. Anti Nas ta rantse cewa ana tura shi yana ce wa na robar, "Riƙe mini wurin, yanzu zan dawo."

Gyambon ciki ne, yana ta zubar da jini a ɓoye. Aka yi masa ƙarin jini, aka tsayar da zubar, likitan da ya duba shi ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Ni da Mama muka iso a rikice, ɗankwalinta a karkace, zare maƙale a zaninta. Ta same shi kwance, robar ƙarin jini a hannu, ya ƙanƙance a gadon. Tsoro ya sa ta faɗa.

"Wane irin mutum ne kai? Sauro ya cije ka sai duniya ta ji, amma jini na zuba a cikinka ka yi gum? Me ya hana ka faɗa?"

Ya dube ta, ba da fushi ba, ya ce, "Ba ki tambaya ba."

Mama ta nemi kujera ta zauna. Ni haushinsa ya kama ni kamar in shaƙe shi, ga kuma tausayinsa, na fita baranda na yi kukana. Da na dawo na tarar Malama ta zo dubiya, yana tambayar ta ko yarinyar ta ci. Ta ce ta ci, har da ƙari. Ta ce daga yau duk dattijon da zai shiga ɗakin nan sai an duba shi da gaske tukuna, kuma za a riƙa gaya wa kowane sabon aji cewa bayan mutumin da aka tsara akwai wani mutum zaune. "Dokar kuma, Baba, ta cikin ɗakin ce kawai. A gida ka yi rakinka." Ya ce to, amma a duba agogon bangon nan, har yanzu yana latti.

Ya warke, ya koma aikinsa, yanzu har sababbin dattawa yake koya wa nishi. Safiyar farko bayan an sallamo shi ce ba zan manta ba. Yana kan doguwar kujera, mu duka muna falo. Mama ta kawo masa kofi, ta rufe keken ɗinkinta da zane, ta jawo 'yar kujera har gabansa, ta zauna.

"To, Malam. Yau me ke damunka?"

Baba ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, baki har kunne, ya gyara zama. Ya fara daga tsakiyar ka. Ƙanina ya yunƙura zai tuna da wani aike, Mama ta watsa masa harara ya koma ya zauna. Aka sauko goshi, aka ratsa kunnen hagu, aka wuce wuya da kafaɗa, aka shiga wuraren da ba mu taɓa kaiwa ba. Kofin ya huce. Ya bi ta baya, ya sauka gwiwa, ya dire a ɗan yatsan ƙafa, sannan ya tsaya.

Mama ta matso da kujerarta. "Sai kuma me?"

Ya buɗe baki, ya karkata kai kamar yadda yake yi wa agogo, ya saurara. Muka ga idonsa ya ciko.

"Shi ke nan," ya ce. "Ashe yana da ƙarshe."